Tankin mai na tsohuwar mota: yadda ake ƙera shi, da yadda farashin fetur ya sauya masa siffa

A duk sassan mota, tankin mai ne direba kan fi daɗewa bai sa a ido ba. Yana ɓoye a ƙarƙashin but ko a bayan kujera, ba ya neman sabis, har sai ranar da warin fetur ya cika mota, ko aka wayi gari aka ga ɗigo a inda ta kwana. Ga tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da 505, waɗanda har yau ake ganinsu ɗauke da fasinja da kaya a hanyoyin karkarar Arewa, wannan rana ta riga ta riski da yawa daga cikinsu, domin tankin da suka fito da shi daga kamfani ya kai shekara ashirin, wani ma ya haura arba'in. Sabo na asali ya yi wuyar samu, saboda haka aikin ya koma hannun masu walda da fanabita.

Aiki iri biyu ake kai musu. Akwai na mai motar da tankinsa ya ruɓe, yana neman a gyara ko a ƙera masa wani. Akwai kuma na wanda ke son a faɗaɗa tanki ya ɗauki ninkin abin da aka tsara masa, domin a tsallaka da fetur iyaka. Kayan aikin ɗaya ne, sau da yawa ma hannun ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne ko an kiyaye dalilan da suka sa injiniyoyi suka tsara tanki yadda yake. Kowane bututu da kowace huda a jikin tanki tana da aikin da take yi, kuma wanda aka yi watsi da shi yakan dawo ne a siffar gobara.

Motocin da ake magana a kansu

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, kuma ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A Najeriya, an yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria rajista a 1972, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975. Daga nan Fijo, kamar yadda bakin jama'a ya mayar da sunan, ta zama motar gwamnati, motar ma'aikaci, motar haya, kuma ƙirarta ta akori-kura ta zama jakin 'yan kasuwar ƙauye. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fito da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ƙanwarta 505 ta fito a 1979.

Tankunan waɗannan motoci na ƙarfe ne, kuma yawancinsu suna ɗaukar tsakanin lita 50 zuwa 70, gwargwadon ƙira. Haka abin yake ga sa'o'insu na wancan zamani, kamar Volkswagen Beetle da aka riƙa harhaɗawa a Legas, wadda injinta ke baya, tankinta mai cin kusan lita 40 kuma yake gaba. A Turai da Amurka irin waɗannan motoci sun zama kayan tarihi da masu sha'awa ke kashe wa kuɗi don adanawa. A nan kuwa da yawansu suna bakin aiki, kuma masu su ba su da halin yin odar tanki daga waje.

Abin da ke cikin tanki

Daga waje tanki akwatin ƙarfe ne kawai. A ciki akwai sassa da dama. Akwai wuyan zuba mai da murfinsa. Akwai bututun tsotso wanda ke ɗaukar mai daga kusa da gindin tanki zuwa famfo, da 'yar rariya a bakinsa don tare datti. Akwai ƙwallo mai shawagi a kan mai, haɗe da hannun ƙarfe, wanda ke aika wa gejin gaban direba saƙon yawan man da ya rage. A tankuna da yawa akwai shingayen ƙarfe masu huda da ke raba ciki gida-gida, don kada man ya riƙa kwarara gefe guda a duk lokacin da aka taka birki ko aka sha kwana.

Akwai kuma mashaƙar iska, wadda mutane suka fi rainawa. Yayin da injin ke shan mai, dole iska ta shiga ta cike gurbin, in ba haka ba tanki zai lotse ko mota ta riƙa mutuwa a hanya. Idan rana ta take kuma, dole tururin fetur ya samu mafita. Fetur yana kumbura da kusan lita ɗaya a cikin kowace lita dubu idan zafi ya ƙaru da maki ɗaya a ma'aunin Selshiyos. Ke nan lita 50 da aka sha da sanyin safiya za ta ƙaru da kimanin lita ɗaya idan zafin ya hau da maki 20 kafin la'asar. Wannan ne ya sa masu ƙira ke barin kusan kashi 10 cikin 100 na cikin tanki babu mai, ko da an ce an cika shi. A motocin da suka biyo baya an ƙara wa mashaƙar wani bawul da ke toshe kansa idan mota ta kife, don kada mai ya tsiyaye.

Abin da ke kashe tsohon tanki

Tsofaffin tankuna an yi su ne da ƙarfe mai laushi da aka shafe da haɗin dalma da kuza domin kare shi daga tsatsa. Babban abokin gabarsu ruwa ne. Iskar da ke shiga tanki tana ɗauke da laima, musamman da damina, kuma idan dare ya yi sanyi sai laimar ta zama raɓa a jikin ƙarfen. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka yakan kwanta a gindi ya riƙa cin ƙarfen daga ciki. Motar da ta daɗe a ajiye da rabin tanki ta fi fuskantar wannan. Daga waje kuma, laka kan maƙale tsakanin tanki da maɗaurinsa ta riƙe danshi, duwatsun hanya su kankare fenti.

Ingancin man shi ma yana da hannu. Man da ya bi ta duro da jarka kafin ya isa mota yakan zo da ruwa da ƙasa. A watan Fabrairun 2022, Najeriya ta shiga wahalar mai bayan da aka gano cewa wani fetur da aka shigo da shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam yana ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima. Methanol yana janyo ruwa, yana lalata tsofaffin tiyo na roba, yana kuma cin shafen dalma da ke cikin tsohon tanki.

Alamomin tankin da ya gaji sanannu ne ga bakanike: jan gari a cikin filta, kafireto da ke yawan toshewa, danshin mai a wurin da faranti biyu suka haɗu, da warin da ba ya tafiya ko an wanke mota.

Gyara, sauyawa ko ƙera sabo

Idan tsatsar ba ta huda ƙarfe ba, ana iya sauke tankin a wanke, a cire tsatsar da sinadari, sannan a shafe cikinsa da wani ruwan liƙi da fetur ba ya narkarwa. Wannan yana aiki ne kawai idan cikin ya bushe sarai kafin shafawa. Idan ba haka ba, shafen yakan ɓare daga baya ya toshe bututun tsotso. Sabulu ko gam da direbobi ke manna wa huda a hanya dabarar isa gari ce, ba ta wuce nan.

Hanya ta biyu ita ce neman tanki na hannu a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Matsalarsa ita ce shekarunsa ɗaya da wanda aka cire. Wasu kuma sukan ɗauko tankin wata motar daban su daidaita shi, wanda ke buƙatar sauya wurin wuya da maɗauri. Tankunan motocin zamani yawanci na roba ne mai kauri, ba sa tsatsa, amma an zuba su ne daidai da surar cikin motarsu, kuma ba a yi musu walda irin ta ƙarfe.

Akwai wani dalilin sauya tanki da ya zama ruwan dare: sauya injin. Idan aka cire tsohon injin mai kafireto aka sa na zamani mai fesa mai, bukatar ta canza. Kafireto na aiki da matsin da bai wuce psi 3 zuwa 6 ba, a ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya. Injin mai fesawa yana bukatar psi 40 zuwa 60, da famfon lantarki, sau da yawa kuma da bututun da zai mayar da rarar mai cikin tanki. Irin wannan famfo ba ya jure shan iska, don haka ake gina masa ɗan ƙoƙo a cikin tanki wanda ke riƙe mai ko da mota ta karkata. Tsofaffin tiyo da maɗauransu ma dole a sauya su, domin ba a yi su don wannan matsi ba.

Yadda ake ƙera sabon tanki

Ƙwararren maƙeri yakan fara ne da awo. Zai auna sararin da ke ƙarƙashin mota, ya lura da nisan salansa, da inda gatarin ƙafafun baya ke kaiwa idan an yi lodi, da tazarar da ke tsakanin gindin tanki da ƙasa. Daga nan sai ya haɗa samfuri da kwali ya gwada shi a wurin kafin ya yanka ƙarfe. Lissafin ɗaukarsa mai sauƙi ne: tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, a raba da 1,000. Akwati mai santimita 90 da 50 da 15 zai ba da lita 67.5, kuma idan aka cire gurbin kumbura, man da zai ɗauka ya tsaya a wajen lita 60.

Ƙarfe iri uku aka fi amfani da su. Ƙarfe mai laushi mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5 ya fi araha da sauƙin walda, amma yana bukatar shafe a ciki. Ƙarfe mara tsatsa ya fi daɗewa, ya fi tsada, kuma zafin walda yana saurin murɗe shi. Alminiyum ba shi da nauyi, amma sai an ba shi kauri na milimita 2 zuwa 3, kuma yana bukatar walda mai amfani da iskar argon. Kwanon da aka shafe da tutiya yana da nasa haɗarin: hayaƙinsa a lokacin walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Tsohon tanki mai shafen dalma ya fi shi muni, domin dalma guba ce da ke taruwa a jiki.

Ƙa'idar aikin ita ce a rage yawan layukan walda, tunda daga nan yoyo ke farawa. Saboda haka ake lanƙwasa faranti ɗaya ya ba da gindi da ɓangarori biyu, maimakon a yanka biyar a haɗa. Ana matsa wa faffaɗan faranti ƙananan kwari don ya yi ƙarfi, kada ya riƙa lotsawa yana dawowa har ya tsage. Shingayen ciki, da mazaunin geji, da bakin bututu, duk ana kafa su kafin a rufe sama. A ƙasan kowane shinge ana barin kafa don mai ya ratsa, a samansa ma ana barin wata don iska. Na'urar geji kuwa dole ta dace da agogon da ke gaban direba, in ba haka ba allura za ta nuna rabi alhali tanki ya ƙone.

Bayan walda sai gwaji. Ana toshe ƙofofi, a hura iska kaɗan, psi 2 zuwa 3, a shafa ruwan sabulu a kan layukan walda a duba kumfa. Dalilin taƙaita iskar lissafi ne. A psi 3, farantin da ke da santimita 90 da 50 yana ɗauke da turin da ya haura kilo 900. Idan aka ba shi iskar da ake ba taya, turin zai kai tan tara, kuma tankin zai kumbura ko ya yage. A ƙarshe ana ɗaure tanki da maɗauran ƙarfe masu shimfiɗar roba, domin jikin mota yana murɗawa a hanya mai gargada, kuma tankin da aka yi wa walda kai tsaye a jikin shasi yakan tsage. Ana kuma haɗa shi da wayar ƙasa, a fitar da bakin mashaƙar iska waje, nesa da salansa da ɗakin fasinja.

Me ya sa tankin da babu mai ke fashewa

Abin da ke kamawa da wuta tururin fetur ne idan ya gauraya da iska. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa tun daga sanyin da ya kai maki 40 ƙasa da sifiri, wato babu wani yanayi a ƙasar nan da ba ya fitarwa. Gaurayen yana kamawa ne idan tururin ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wurin. A cikin rufaffen tankin da ke da mai, tururin yakan wuce wannan iyaka, iskar ta yi kaɗan. Amma da zarar an juye man, iska ta shiga, gaurayen na iya faɗawa daidai inda tartsatsi ɗaya ya isa. Cokalin shayi ɗaya ko biyu na fetur ya wadatar ya mayar da tanki mai lita 60 abin fashewa, kuma fiye da haka yakan maƙale a cikin tsatsa da lungunan haɗi, zafin walda ya fito da shi.

Don haka ɗauraye tanki da ruwa sau ɗaya, ko shanya shi a rana, ba ya kawar da haɗarin. A wuraren da ake bin ƙa'ida, ana wanke shi da tururin ruwan zafi da sabulu na tsawon lokaci, a auna iskar cikinsa da na'ura, sannan a cika shi da ruwa har kusa da wurin aiki, ko a riƙa tura masa iskar da ba ta cin wuta, kamar argon ko nitrogen, har a gama. Dabarar da wasu ke yi ta zura tiyo daga salansar mota cikin tanki ba abin dogaro ba ce, domin hayaƙin tsohon injin yana iya ɗauke da man da bai ƙone ba. Tururin fetur kuma ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, yana bin ƙasa ya taru a ramin gareji ko kwata, har ya isa inda wani ke hura gawayi. Masu sana'ar da yawa a ƙasashen waje sun gwammace ƙera sabon tanki da ƙarfen da bai taɓa ganin mai ba a kan su kusanto da wuta ga tsoho.

Mazaunin tanki: darasin Ford Pinto

Ko tanki ya yi kyau, wurin da aka ajiye shi na iya zama ajalin mutane. Misalin da aka fi kafa hujja da shi ya faru ne a Amurka. Kamfanin Ford ya sayar da ƙaramar motarsa Pinto daga 1971 zuwa 1980, da tanki a tsakanin gatarin ƙafafun baya da bamba. Idan aka buge ta ta baya, tankin na iya matsawa gaba ya soki kusoshin da ke gabansa, wuyan zuba mai kuma ya tsinke. A 1977 mujallar Mother Jones ta buga binciken ɗan jarida Mark Dowie a kan lamarin. A 1978, a shari'ar da aka sani da Grimshaw, masu taimaka wa alƙali a jihar Kalifoniya suka yanke wa kamfanin tarar ladabtarwa ta dala miliyan 125, wadda alƙali ya rage zuwa miliyan 3.5. A watan Yunin shekarar, Ford ya janye motoci kusan miliyan 1.5 domin gyara.

Daga baya masu ƙera motoci da yawa suka mayar da tanki gaban gatarin baya, ƙarƙashin kujera, inda jikin mota ke kare shi daga kowane ɓangare. Mai waldan da ya faɗaɗa tanki zuwa bamba, ko ya gina shi a cikin but ba tare da katangar ƙarfe tsakaninsa da fasinja ba, yana maimaita kuskuren da aka biya da rayuka shekaru hamsin da suka wuce.

Tankin ƙari da hanyar iyaka

Ruwa ba ya tsami banza. Tankin ƙari ya samo asali ne daga bambancin farashi. Kafin 2023, gwamnatin Najeriya ta shafe shekaru da dama tana biyan tallafin mai, wanda a 2022 kaɗai ya ci sama da naira tiriliyan 4. A farkon 2023 farashin gwamnati yana tsakanin naira 185 zuwa 195 a lita, yayin da a Nijar ake sayar da lita a kan sefa 540, fiye da ninki biyu idan aka canza kuɗin. Iyakar ƙasashen biyu ta kai kusan kilomita 1,500, kuma garuruwa irin su Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da Maraɗi, kasuwa ɗaya suke ci tun kafin a shata ta. A Jamhuriyar Benin ana kiran man da aka tsallako da shi kpayo, a arewacin Kamaru kuma zuwa-zuwa, kuma ana sayar da shi a kwalabe a bakin hanya kamar yadda 'yan bumburutu ke yi a nan.

Jarka ana ganinta, man da ke cikin tankin mota kuwa ana ɗaukarsa na tafiya ne. Wannan ya sa tsofaffin motoci masu ƙarfin ƙafa da arahar saye suka zama abin nema, kuma hukumar kwastam ta sha baje wa 'yan jarida motocin da ta kama an sauya musu tanki. Matakan gwamnati sun ƙara wa sana'ar daraja ta wata fuska. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma hukumar kwastam ƙarƙashin Hameed Ali ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mazauna waɗannan garuruwa, waɗanda mafi yawansu ba su da alaƙa da fasa-ƙwauri, suka koma tafiya mai nisa don sayen mai, ko saye da tsada a hannun masu jarka.

Ta fuskar aikin injiniya, tankin ƙari yana karya kusan duk ƙa'idojin da aka zayyana a sama. Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kimanin giram 740. Idan, a misali, aka ƙara wa mota lita 300, an ɗora mata kilo 220, ban da nauyin ƙarfen, kuma yawanci a baya. Gaban mota zai yi sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, birki ya ƙara nisan tsayawa. Idan babu shingaye a ciki, wannan nauyi yana gudu gefe guda a kowace kwana. Tunda manufar ita ce ɗaukar mai da yawa, ba a barin gurbin kumbura, kuma tunda ba a son wari ya tona asiri, akan toshe mashaƙar iska, a yankin da zafi ke haura maki 40 a watannin bazara. Wanda ke zaune a kan wannan kaya galibi matashi ne da ake biya kuɗin tafiya, mai jarin yana gida.

Haɗarin yana bin man har inda aka sauke shi. A ranar 23 ga Satumban 2023, gobara ta tashi a wani rumbun ajiye man fasa-ƙwauri a Seme-Krake, garin kan iyakar Benin da Najeriya, ta kashe mutum sama da 30.

Bayan cire tallafi

A ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na rantsuwa. Cikin kwanaki kamfanin NNPC ya mayar da lita tsakanin naira 488 zuwa 557, kuma a watan Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Alƙaluman hukumar NMDPRA sun nuna cewa man da ake fitarwa kullum ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50 a watannin farko. Wani ɓangare na wannan ragi 'yan ƙasa ne da suka ajiye motocinsu, wani ɓangaren kuma man da ya daina tsallaka iyaka ne. Nijar, wadda matatarta ta SORAZ da ke yankin Damagaram ke da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana tun buɗe ta a 2011, ta fuskanci dogayen layukan mai a watan Maris na 2025. Duk da haka ribar ba ta ƙare gaba ɗaya ba, domin faɗuwar darajar naira ta sake buɗe tazara da wasu maƙwabta. A 2024 hukumar kwastam ta ƙaddamar da wani samame na musamman mai suna Operation Whirlwind kan masu fitar da mai.

Tsadar fetur ta kuma buɗe wa masu walda wata sabuwar ƙofa mai haɗari. Gwamnati tana ƙarfafa mayar da motoci su yi amfani da iskar gas ta CNG, wadda ake matsawa a tukunya da ƙarfin kusan psi 3,000, wato kusan ninki ɗari na iskar taya. Irin wannan tukunya a masana'anta ake yin ta, a gwada ta, a buga mata lamba da ranar ƙarewar aiki. A watan Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan sayar da gas a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata, kuma hukumomi suka ce tukunyar da ke cikinta haɗin walda ce. Ƙwarewar ƙera tankin fetur ba ta isa a ƙera tukunyar gas ba, komai iya hannun mai aikin.

Wa ke sa ido, me mai mota zai duba

Hukumomi da dama ne ke da hannu a lamarin. Jami'an duba lafiyar motoci na jihohi, wato VIO, su ke ba da takardar cancantar hawa hanya. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana kula da tsaron hanya. Hukumar SON ce ke da alhakin ma'aunin inganci, NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa tana kula da rarraba mai, kwastam kuma tana da ikon ƙwace abin hawan da aka yi fasa-ƙwauri da shi. Sai dai tankin da ya faɗa hannun kwastam ya riga ya bi ta gareji, ya sha mai a gidan mai, ya ratsa shingayen hanya. Tambayar da ta dace a yi wa gwamnatocin jihohi ita ce ko akwai mai leƙa ƙarƙashin mota kafin a buga hatimi a takardar cancanta, da kuma wane horo ake ba dubban matasan da ke koyon walda a garejoji.

Wanda zai sayi tsohuwar mota, musamman wadda ta yi aiki a garuruwan iyaka, yana iya kare kansa da ɗan bincike. Ya ɗaga shimfiɗar but da kujerar baya ya duba ko akwai sabuwar walda ko ƙasan da aka ɗaga. Ya lura da yawan litar da tankin ke sha daga ƙonewa zuwa cika, ya kwatanta da abin da littafin motar ya ce. Ya saurari murfi yayin buɗewa da rana: ƙarar iska mai ƙarfi a tsohuwar mota alama ce ta toshewar mashaƙa. Wanda kuma zai ba da aikin ƙira, ya nemi a nuna masa shingayen ciki kafin a rufe sama, ya tsaya a yi gwajin ruwan sabulu a gabansa, kuma ya tabbata akwai katangar ƙarfe tsakanin tanki da wurin zaman mutane kafin a zuba lita ta farko.